Kwana 7 zai isa mu zagaye Ayislan da mota, ni da iyali da Hajiyata?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni taka hanya. Shekararmu 6 a Manchester, ban taɓa ɗaukar iyalina mun tafi hutu na gaske ba. Daga aiki sai gida, sai zuwa Kano duk bayan shekara biyu, wanda shi kuma zumunci ne, mutum ba ya samun zama. Bana na ƙuduri aniyar kai su Ayislan. Niyyata mu sauka a filin jirgin Keflavik, mu yi hayar mota, mu bi babbar hanyar nan mai lamba 1 da ta kewaye tsibirin, mu dawo inda muka taso. Na duba tsawonta, kilomita 1,300 ne da 'yan kai. Ni da na sha tuƙi daga Kano zuwa Legas, sai na ga kwana 7 ya isa har da saura. Mu biyar ne: ni, maiɗakina, yara biyu masu shekara 9 da 5, da Hajiyata da za ta zo mana ziyara daga gida a watan Yuli. Wace irin mota ta dace? Ina ake kwana? Yaya batun abinci da salla? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Hamburg:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, sau biyu na je, kuma zan faɗa maka gaskiya tun ba ka sayi tikiti ba: kwana 7 zai kai ka ya dawo da kai, amma abin da za ka gani ta gilashin mota za ka gan shi. Lissafinka na Kano da Legas ya yi daidai a kan takarda. Sai dai wanda ya kama hanyar Legas, Legas ɗin yake nema. A can kuwa hanyar ce abin da ka biya kuɗi don ka gani. Iyakar gudu a kwalta kilomita 90 ne a awa, a kan tsakuwa 80, cikin gari 50, akwai kyamarori, kuma tarar tana da zafi. Hanyar layi ɗaya ce zuwa ɗaya dawowa kusan ko'ina, ga gadoji masu ɗaukar mota ɗaya tak, musamman a kudu maso gabas. Wanda ya fi kusa da gada shi ke fara shiga, kai ka tsaya ka jira.

Ka ɗauki tsakanin Reykjavik, babban birnin ƙasar, da garin Vik kawai, bai kai kilomita 200 ba. A ciki akwai Seljalandsfoss, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin mita 60 har kana iya zagayawa ta bayansa, ga Skogafoss mai kusan tsayi ɗaya da shi, ga bakin tekun Reynisfjara mai baƙin yashi. Da yara da dattijuwa, wannan kaɗai yini ne cur. Ni dai ƙasa da kwana 10 ban ba ka shawara ba. In 7 ne kawai ke hannunka, ka bi kudu har tafkin ƙanƙara na Jokulsarlon ka juyo.

Maman Sadiq:
Kafin a je ga kwanaki, Yaya, ka fara da maganar bizar Hajiya. Ayislan tana cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Ingila kuwa ba ta ciki. Ku da ke zaune a nan da fasfo ɗin Najeriya za ku nema daga nan da takardar zamanku. Amma Hajiya baƙuwa ce, bizar ziyara gare ta, kuma ƙa'idar ita ce mutum ya nema daga ƙasar da yake zaune. Ke nan tun tana gida ya kamata a nema mata. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, kuma sai da inshorar lafiya wadda ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikiti. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku fara yanzu.

Baban Hanifa:
Wallahi wannan bai zo mini a rai ba sam. Na ɗauka in ta iso sai mu haɗa takardunmu wuri ɗaya. Na gode Maman Sadiq, yau zan kira ƙanena a Kano.

Kawu Na Bradford:
Ni ina da magana, ko da ba za ta yi daɗi ba. Ɗana, kuɗin da za ka zuba a wannan tafiya, mutum biyar, jirgi, mota, masauki, a ƙasar da kowa ya shaida tana cikin mafiya tsada a Turai, ai ya isa ka kai mahaifiyarka Umra. Tsohuwa ta baro Kano, ka ɗauke ta ka kai ta kallon ƙanƙara da duwatsu cikin sanyi? Mu da muka zo ƙasar nan shekara talatin da suka wuce ba mu san wannan ba. Abin da ya ragu gida muke aikawa. Ban ce haramun ba ne, amma ka duba abin da ya fi.

'Yar Damagaram:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda a sa abin a sikeli ɗaya ba. Ba mu san me Baban Hanifa yake yi wa gida ba, kuma ba sai ya zo nan ya lissafa mana ba. Yaran da aka haifa a Turai suna komawa makaranta bayan hutu, kowa na ba da labarin inda ya je, namu suna shiru. Yaro yana jin wannan a ransa. Ni daga Lyon na je da nawa, har yau ƙaramar tana maganar ranar da ta taɓa ƙanƙarar da teku ya turo bakin yashi.

Kawu Na Bradford:
'Yata, ban hana yaro farin ciki ba. Tsohuwar nake ji.

Baban Hanifa:
Kawu, na ji maganarka kuma na san don Allah ka yi ta. Hajiya ta sauke farali, ta kuma yi Umra shekara biyu da suka wuce, alhamdu lillahi. Abin da ya sa nake son tafiya da ita shi ne, tun rasuwar mahaifinmu ba ta fita ko'ina sai gidan biki da gidan gaisuwa. Da na nuna mata hoton ruwan zafin nan da ke tsiri daga ƙasa, sai da ta yi tasbihi ta ce ashe akwai irin wannan a duniya. Ina so ta gani da idonta tun tana da ƙarfin ƙafa.

Kawu Na Bradford:
To, in haka ne Allah ya ba ka lada. Amma ka saya mata kayan sanyi na kirki, kada ka dogara da mayafi da suwaita.

Injiniya Hamburg:
Wannan maganar Kawu gaskiya ce. Ko a tsakiyar Yuli zafin Reykjavik bai cika wuce digiri 15 ba, kuma iska ce matsalar fiye da sanyin. Ruwan sama yana zuwa a kwance, lema ba ta da amfani. Kowa ya samu riga da wando masu hana ruwa shiga, da takalmi mai kama ƙasa.

Ruwan da Hajiya ta gani a hoto Strokkur ke nan, kusa da Geysir. Duk bayan minti 5 zuwa 10 yake tashi, kuma daga inda ake ajiye mota tafiyar kaɗan ce, ba hawa. Shi da Gullfoss, wani wurin da ruwa ke faɗowa daga tsayi, da Thingvellir, inda mutanen ƙasar suka kafa majalisarsu a shekarar 930, duk yini ɗaya ake yin su daga Reykjavik.

Tunda an zo kan iska, bari in ba ku abin da ya same ni. A zuwana na farko na tsaya gefen hanya bayan Vik, na buɗe ƙofa da hannu ɗaya ina riƙe da waya a ɗayan. Iska ta fizge ƙofar ta banƙare ta, daga nan ba ta ƙara rufuwa daidai ba. Da na mayar da motar aka nuna mini a takardar da na sa wa hannu cewa inshorar ba ta ɗaukar ɓarnar iska a ƙofa. Na biya kuɗin da ya kusa kai na hayar gaba ɗaya. Don haka ka juya gaban mota ya fuskanci iska in za ka tsaya, ka riƙe ƙofa da hannu biyu, kuma kada yara su buɗe da kansu. Ka karanta takardar inshora layi-layi. Akwai ta tsakuwa, don gilashi da fenti, akwai ta yashi da toka, wadda ake buƙata a filayen kudu inda iska ke kwaso tokar duwatsu masu aman wuta tana kankare jikin mota. Ni yanzu duka nake ɗauka.

Ɗan Jos:
Yaya, in za ka yi abu ka yi shi gaba ɗaya. Ka ɗauki jif mai jan ƙafa huɗu ka shiga tsakiyar ƙasar, Landmannalaugar da duwatsunta masu launi-launi. Hanya mai lamba 1 kowa ita yake bi, cike take da motocin 'yan yawon buɗe ido.

Injiniya Hamburg:
Ƙanena, wannan tafiyar samari ce. Hanyoyin tsakiyar ƙasar, waɗanda lambarsu ta fara da F, sai da rani ake buɗe su, ƙaramar mota ba ta da izinin shiga, wasu kuma sai ka ratsa rafi da mota, ba gada. In ruwa ya shiga inji, yawancin inshora ba ruwansu. Mutum da yaro ɗan shekara 5 da mahaifiyarsa, me zai kai shi? Kuma a kiyaye, sauka daga hanya a bi fili da mota laifi ne babba a can, don gansakukar da ke kan duwatsun tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo.

Ɗan Jos:
Na karɓa. Amma jif ɗin dai ya fi, ko don kaya. Mutum biyar da akwatuna da kujerar yaro ba za su shiga ƙaramar mota ba.

Maman Sadiq:
Nan kam ka yi gaskiya. Duk yaron da bai kai santimita 135 ba dole sai da kujerarsa. Kuma Yaya ka tuna a hannun dama suke tuƙi, irin na gida. Su sun koma dama a 1968, Najeriya a 1972. Bayan shekara 6 kana bin hagu a Ingila, awannin farko ne abin kula, musamman a shataletale. Ka nemi mota otomatik tun wuri, ka rage wa kanka aiki. Fitila kuma a kunne take dare da rana, doka ce.

Baban Hanifa:
Ina rubutawa duka. Allah ya gafarta Malam, na ga kana nan, batun salla fa? An ce da rani rana ba ta faɗuwa.

Malam Abu Maryam:
Tana faɗuwa a Reykjavik, amma ba ta nisa. A ƙarshen Yuni sai wajen sha biyun dare take faɗuwa, ta fito wajen ƙarfe uku. Tsakanin nan ba duhu, jan shafaƙi bai gama ɓacewa ba hasken safiya ya shigo. Azahar da La'asar da Magariba ba su da matsala, alamominsu suna nan. Isha da Asuba ne ke buƙatar ƙaddarawa. Malamai sun kafa hujja da hadisin Dujal, inda sahabbai suka tambayi yadda za su yi salla a ranar da tsawonta ya kai shekara, aka umarce su da su ƙaddara mata lokutanta. Daga nan wasu suka ce a bi gari mafi kusa da alamomin ke bayyana, wasu suka ce a raba daren. Kai ma a Manchester ka san ana fuskantar wani abu makamancin haka a Yuni, can ne dai ya fi tsanani.

Kai kuma matafiyi ne, kana da sauƙin kasaru da haɗa salloli. A mazhabarmu ta Malikiyya, in ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba kana nan a matsayin matafiyi, kuma a irin wannan zagayen kusan kullum kana kan hanya. Akwai masallatai a Reykjavik, ka karɓi jadawalinsu ranar da ka sauka, in ka dace da Juma'a ka halarta. Bayan ka bar babban birni kuwa, darduma da buta su ne masallacinka. Alƙibla tana gabas, da ɗan karkata zuwa kudu.

Game da maganar Kawu kuma, tafiya don duba halittar Allah abu ne da Alƙur'ani ya yi kira gare shi, a duba Suratul Ankabut aya ta 20. Sharaɗi dai kada a ci bashi a kai, kada a tozarta salla.

'Yar Damagaram:
Shi ya sa ni na fi son ƙarshen Agusta. Rana tana faɗuwa wajen tara na dare, ta fito wajen shida saura, duhu ya dawo, yara suna barci kamar mutane. Mu a Yuni muka fara zuwa, ƙarfe sha ɗaya na dare yara suna cewa ai rana ba ta faɗi ba. A ƙarshen Agusta kuma in sama ta washe, kana iya dacewa da hasken nan kore da ke rawa a sararin sama. Da tsakiyar rani ba a ganinsa ko kaɗan, sai da duhu.

Batun kwana, ni motar da ke da gado da murhu a ciki muka ɗauka. Kuɗin mota da na ɗaki sun zama ɗaya, in wuri ya yi maka daɗi ka ƙara kwana, in hadari ya taso ka wuce. Sai dai ba a yarda ka kwana duk inda ka ga dama ba, dole sai a filayen da aka ware.

Maman Sadiq:
'Yar'uwa, ke da maigidanki da yara ne. A nan akwai suruka. Yaya za a yi mata da miji da uwar miji su kwana cikin mota ɗaya kwana goma? Ina kunya, ina sutura? Ga fita banɗaki da asuba cikin iska, a yi alwala, dattijuwa mai ciwon gwiwa ko ba ta da shi. A'a. Su nemi ƙananan gidajen haya masu ɗaki biyu da kicin. Suna nan a gonaki duk tsawon hanyar, amma tsakanin Vik da garin Hofn da kuma wajen tafkin Myvatn ba su da yawa, watanni kafin rani suke cika.

'Yar Damagaram:
Kin fi ni gaskiya, na manta da Hajiya. Na janye.

Maman Sadiq:
Kicin ɗin shi ne rabin tafiyar. Cin abinci a waje mutum biyar sau biyu a rana zai cinye kuɗin hutun. Kantunan Bonus da Kronan su ne masu sauƙi, ku cika mota tun daga Reykjavik, sai kuma Selfoss, Egilsstadir da Akureyri. Ni na tafi da shinkafa, garin tuwo, kuka, daddawa da yaji, a can na sayi kifi, ƙwai, dankali da albasa. Kifinsu ba a magana, kuma ya raba ka da tambayar yanka. Kilishi da dambun nama ku bar su a gida, ba a shiga da nama daga wajen yankinsu, kuma Ingila yanzu waje take. Naman nan da ake sawa cikin burodi a gidajen mai, wanda kowa zai ce sai kun ɗanɗana, akwai alade a haɗinsa, ku gargaɗi yara. Ruwan famfo na sanyi ya fi na roba daɗi, kada ku saya. Na zafin a wasu wurare yana warin ƙwai saboda daga ƙarƙashin ƙasa yake, ba lalacewa ya yi ba.

Abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini kafin in je: wuraren wanka na ruwan ɗumi da ke kusan kowane gari. Ƙa'idarsu ita ce sai ka yi wanka da sabulu ba kaya a jikinka kafin ka shiga. Ɓangaren maza daban, na mata daban, amma a fili ne. Wasu wuraren suna da ɗan ɗaki mai labule. Ku tambaya a bakin ƙofa kafin ku biya, in babu ku haƙura.

Baban Hanifa:
Wannan bayani ya fi kuɗi. Injiniya, in na samu kwana 12, yaya za ka raba su?

Injiniya Hamburg:
Kwana biyun farko ku zauna kusa da Reykjavik, ku huta, ku yi sayayya, ku ga Strokkur da Gullfoss. Sai kudu, ka ba ta kwana uku, nan ne abin kallo ya fi yawa. A Reynisfjara ka riƙe hannun yara, kada kowa ya juya wa teku baya. Igiyar ruwa takan zo ba zato ta wuce inda sauran suka tsaya, ta ja mutane sun mutu, shi ya sa aka sa fitilun gargaɗi a wurin. Jokulsarlon kuwa, inda manyan ɓaraguzan ƙanƙara ke ɓallowa daga babban tsaunin ƙanƙara na Vatnajokull suna yawo a tafki, Hajiya za ta iya kallonsa daga kusa da mota.

Daga Hofn zuwa Egilsstadir wajen kilomita 250 ne, hanyar tana bin bakin teku tana lanƙwasa. Taswirar waya za ta iya nuna maka yanke ta Oxi, hanya mai lamba 939. Tsakuwa ce da hawa mai tsayi, hazo yakan rufe ta. Ka zauna a kan lamba 1, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Daga Egilsstadir zuwa Myvatn akwai dogon fili ba gari, ka cika tanki kafin ka tashi. Famfunan mai da yawa ba ma'aikaci, kati ne da lambar sirri. In za ku Dettifoss, inda wani babban ruwa ke faɗowa, ku bi ta yamma, hanya 862, ita ce mai kwalta. Kafin Akureyri akwai ramin Vadlaheidi da ya ratsa dutse, ana biya amma ba shinge, a intanet ake biya, in ka manta kamfanin haya zai cire da ƙari. Myvatn kwana biyu, Akureyri ɗaya ko biyu. Daga nan zuwa Reykjavik kusan kilomita 390 ne, ka raba shi biyu.

Kwana ɗaya ka bar shi ba komai a cikinsa, kuma ya zama kafin ranar jirgi. Ana rufe hanya saboda iska ko a lokacin rani. Kowace safiya ka duba shafin hukumar yanayi da na hukumar hanyoyi kafin ka tayar da mota. Lambar gaggawa 112 ce.

Kawu Na Bradford:
Dutsen da ke aman wuta fa? Ina tuna 2010 da tokarsa ta tsayar da jirage a Turai kusan mako guda, muna da baƙi a gida suka kasa komawa.

Injiniya Hamburg:
Eyjafjallajokull ke nan, Kawu, za su wuce ta gindinsa a hanyar Vik. Tun 2021 ana ta samun aman wuta a yankin Reykjanes, kusa da filin jirgi, har aka kwashe mutanen garin Grindavik a Nuwamban 2023. Amma waɗannan irin masu malalowa ne a ƙasa, filin jirgi ya ci gaba da aiki. Hukuma tana rufe inda ke da haɗari, a bi umarninta kawai. Abin da ya fi yawan jawo wa baƙi matsala a hanya tumaki ne. Da rani sake suke, sai a Satumba ake tattaro su. In ka ga tunkiya a gefe guda, ɗanta a ɗaya gefen, ka rage gudu, zai tsallaka wajen uwarsa.

Baban Hanifa:
Na yi magana da maiɗakina da Hajiya a daren jiya. Mun tsayar da kwana 12 a ƙarshen Agusta, mu dawo kafin a koma makaranta. Gidajen haya masu kicin, jif otomatik, inshora duka. Ƙanena ya fara haɗa takardun Hajiya. In bizarta ba ta fito ba, ba zan bar ta a Manchester mu tafi ba, sai mu ɗage zuwa baɗi, don haka masaukin da ake iya sokewa kawai zan kama. Ita tambayarta ɗaya ce: ko za ta samu inda za ta zauna ta ja carbi kusa da ruwan nan mai tashi.

Maman Sadiq:
Za ta samu. Ku dai saka mata 'yar kujera mai naɗewa a bayan mota, ku kuma lura da inda iska ke kaɗawa kafin ku ajiye ta, don feshin yana sauka a gefe guda. Ku je da sassafe kafin manyan motocin baƙi su iso.